Yadda za ki tace shawarar littafi a intanet ki raba ta da talla

"Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a Zariya, ina son karatu sosai, na Hausa da na Turanci. Damuwata ita ce kullum a zaurukan WhatsApp da Wattpad sai a yi ta yayata littafi ana cewa ba a taɓa yin irinsa ba. In sa data in buɗe, wani lokaci har in biya kuɗi, in kai rabi in tarar babu komai sai maimaici, ko kuma in ci karo da abin da ba zan yarda ƙanwata ta gani a wayata ba. Don Allah ta yaya mutum zai samu shawarar littafi ta gaskiya a intanet, wadda ba talla ba ce?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Idan na fahimce ki, ba littattafai kika rasa ba, sun ma yi miki yawa. Abin da kika rasa shi ne wanda za ki amince da bakinsa idan ya ce "karanta wannan". Wannan ita ce tambayar da aka fi yi mini a ɗakin karatun da nake aiki, kuma amsata a taƙaice ita ce: daina bin lamba, ki nemi mutum. Yawan masu karatu, yawan taurari, matsayi na ɗaya, duk suna da abin da suke nunawa, amma ba ingancin littafi suke aunawa ba. Dandalin karatu wuri ne da za ki yi amfani da shi ki gano mutum biyu ko uku da kika jarraba zaɓinsu kika ga ya dace da naki. Bari in yi miki bayanin dalili, sannan in nuna miki yadda nake yi.

Abin da muka rasa da shagon haya ya rufe

Tun daga shekarun 1980, lokacin da littattafan soyayya suka cika Kano suka bazu har Maraɗi da Damagaram, akwai masu tace littafi tsakanin marubuci da mai karatu, ko da ba a kira su da wannan suna ba. Dillalin littafi a kasuwar Sabon Gari ba ya zuba kuɗinsa a kan abin da ya san zai kwana a shago. Mai shagon haya a unguwa ya san wa ke son labarin kishiya, wa ke son na jarumta, wa ba ta jure labari mai ƙarewa da mutuwa. Yarinya ta dawo da littafi, ya dubi fuskarta ya ce, "Wannan bai yi miki ba ko? To ungo wannan." Idan ya ba ki na banza sau biyu, kin canza shago, shi ma ya san haka. Ga kuma gidajen rediyo da ke karanta littafi kashi-kashi, su ma sai sun zaɓa kafin su sa.

Da rubutu ya koma waya, ƙofa ta buɗe wa kowa, kuma wannan alheri ne babba. Mata da yawa da ba su da kuɗin ɗab'i, wasu ma ba sa fita daga gida, sun samu masu karatu dubbai. Sai dai mai tacewa ya ɓace. Yau marubuciya ita ce mai bugawa, ita ce mai talla, ita ce mai karɓar kuɗi, sau da yawa ma ita ce shugabar zauren da ake yabon littafin. Ba laifinta ba ne, sana'arta take yi. Amma ke mai karatu dole ki san cewa yawancin abin da ke zuwa miki da sunan shawara, daga bakin mai kaya ya fito.

Abin da lambobin Wattpad ke faɗa da abin da ba sa faɗa

Wattpad kamfani ne da aka kafa a Toronto ta ƙasar Kanada a 2006, kuma kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saye shi a 2021. An gina shi ne don labari mai fitowa babi-babi, shi ya sa ya dace da marubutanmu. A gaban kowane littafi za ki ga alamar ido da lamba, alamar tauraro da lamba, da yawan babuka.

Lambar idon nan ita ta fi ruɗar mutane. Ba yawan mutanen da suka karanta littafin ba ce, jimillar buɗe babuka ce aka tara. Littafi mai babi 100 da mutum 1,000 suka bi har ƙarshe zai nuna 100,000. Littafi mai babi 20 da mutum 3,000 suka karanta zai nuna 60,000. Mai kallo daga waje zai ɗauka na farkon ya fi karɓuwa, alhali na biyun ya ninka shi masu karatu sau uku. Wannan ma na daga cikin abin da ke sa wasu jan labari kamar ba za a gama ba: kowane sabon babi ƙari ne a lamba. Maimaicin da kika yi kuka da shi, wani ɓangarensa daga nan ya samo tushe.

Abin da nake yi shi ne in buɗe babi na farko in ga lambarsa, in tsallaka tsakiya in duba, in duba na kusa da ƙarshe. Kowane littafi yana zubar da masu karatu bayan babin farko, wannan ba abin damuwa ba ne. Abin lura shi ne daga babi na biyar zuwa gaba. Idan lambar ta tsaya kusan wuri ɗaya har ƙarshe, labarin ya riƙe mutanensa. Idan kuwa tana ta zubewa babi bayan babi, to masu karatu sun riga sun ba ki amsa da ƙafarsu. Wannan dubawa ba ta cin minti biyu.

Matsayi kuwa, irin a ce littafi shi ne na ɗaya, ki duba na ɗaya a me. Wattpad na jera labarai ne a ƙarƙashin kalmomin da marubuci ya liƙa wa littafinsa. Zama na ɗaya a kalmar da labarai kaɗan ne ke ƙarƙashinta ba wani abin a zo a gani ba ne, kuma jerin yana canzawa kullum gwargwadon motsin kwanakin.

Akwai abubuwa uku a Wattpad da suka fi lambobin amfani. Na farko alamar cewa an kammala labari. Ni ba na ba kowa shawarar fara littafin da ba a gama ba sai in marubuciyar tana da tarihin kammala na baya, domin labaran da aka yasar a tsakiya ba su ƙirguwa. Na biyu alamar labarin manya, wadda marubuci ke sawa da kansa. Idan kin gan ta kin san inda kika dosa, amma rashinta ba tabbaci ba ne, don ba kowa ke sawa ba. Na uku, wanda ya fi duka, shi ne jerin karatun mutane. Yawancin masu amfani da Wattpad suna da jerin littattafan da suka ajiye a shafinsu, kowa na iya gani. Ki je littafin da kika karanta kika ji daɗinsa ƙwarai, ki shiga sharhin da ke gefen sakin layi, ki wuce masu "wayyo Allah" da masu "a ƙara mana", ki nemo wadda ta rubuta magana mai ma'ana, misali ta lura cewa halin jarumar a nan ya saɓa da yadda aka gina ta a farko. Ki taɓa sunanta ki duba jerinta. Mai irin wannan ido ba ta cika ajiye shirme ba. Yawancin littattafan Hausa na intanet da na ji daɗinsu, ta wannan hanya na same su.

Zaurukan WhatsApp, Facebook da Telegram

Nan ne ainihin kasuwar littafin Hausa a yau, kuma nan talla ta fi kama da shawara. Tsarin kin san shi: a saki shafukan kyauta, a tsaya daidai inda rai ya rataya, a ce ci gaba sai an biya ta banki ko da katin waya. Ba na ganin aibu a biyan marubuci, haƙƙinsa ne, gumi ne. Abin da nake so ki lura da shi shi ne, shafukan kyauta su ne aka fi gyarawa, kamar tumatirin da mai kwando ke jerawa a sama. Don haka kada ki yanke hukunci da su kaɗai. Ki tambayi wadda ta riga ta biya ta kai ƙarshe, kuma ki tambaye ta a keɓe, ba a cikin zauren marubuciyar ba. A gaban mai littafi kowa "Masha Allah, Allah ya ƙara basira" zai ce, ko don kunya ko don gudun a cire shi.

Haka nan ƙungiyoyin marubuta. Suna da amfani sosai wajen horar da sababbi da gyara musu rubutu, amma 'yan ƙungiya ɗaya sukan tallata wa juna, yau ni gobe ke. Idan kin ga yabo iri ɗaya, kalma a kan kalma, yana yawo a zauruka biyar, kin san turawa aka yi, ba karantawa ba.

Ga yadda nake gane sharhin wanda ya karanta da gaske. Yana ambaton wani abu takamaimai daga cikin littafin, ba daga farkonsa kaɗai ba. Yana faɗin aƙalla abu ɗaya da bai gamsar da shi ba. Yana faɗin wanda littafin zai dace da shi da wanda ba zai dace da shi ba. "Littafin nan duniya ne, wadda ba ta karanta ba an bar ta a baya" ba sharhi ba ne, kirari ne.

Sannan yadda kike tambaya shi ke jawo irin amsar da za ki samu. Idan kika rubuta a zaure "don Allah a ba ni littafi mai daɗi", masu talla ne za su fara amsawa. Ki ce: "Ina neman labarin zaman gidan yawa, wanda aka kammala, babu batsa, babu aljanu, kuma jarumar ba 'yar mai kuɗi ba ce. Na karanta kaza na ji daɗinsa, na fara kaza na kasa gamawa." Da irin wannan, mai talla ba shi da ta cewa, wadda ta san karatu kuwa sai ta ga kin cancanci ta ɓata lokacinta ta amsa miki. A ɗakin karatu ma tambayar da nake fara yi wa ɗalibi ita ce wane littafi ya ajiye bai gama ba, kuma me ya sa. Amsar wannan ta fi nuna mini ɗanɗanonsa fiye da jerin waɗanda ya so.

Game da abin da ba kya son ƙanwarki ta gani: ki tambaya kai tsaye, ba kunya a ciki. Ki kuma lura da salon tallar. Wadda aka cika ta da gargaɗin "ban da 'yan mata, na matan aure ne zalla" sau da yawa gargaɗin shi ne tallar.

Akwai kuma masu tattara littattafan mutane su zuba a Telegram ko a wasu shafuka ba da izini ba. Ban da zaluncin da ke ciki, abin da za ki samu a can sau da yawa guntu ne, an yanke ƙarshe ko an cakuɗa shafuka. Manhaja irin ArewaBooks, inda marubutan Hausa ke sa littattafansu a saya a karanta a ciki, ta fi wannan tsafta, ko ba komai kin san daga hannun mai shi ya fito.

Na Turanci: Goodreads da StoryGraph

Tunda kina karanta Turanci, ki buɗe Goodreads. An fara shi a 2007, Amazon ta saye shi a 2013. Ba a karanta littafi a cikinsa, rumbun sharhi ne da jerin abin da mutane suka karanta. Ana ba littafi tauraro ɗaya zuwa biyar, kuma a nan ma matsakaicin taurarin ba ya gaya miki komai sosai. Littafi na biyar a jerin labari ɗaya yakan fi na farko maki, ba don ya fi shi kyau ba, sai don masoyan jerin ne kaɗai suka kai can. Littafin da aka tilasta wa ɗalibai a makaranta kuwa yakan sha ƙananan taurari daga waɗanda jarrabawa ta gajiyar. Har maguɗi ana yi: a ƙarshen 2023 an gano wata sabuwar marubuciya a Amurka ta buɗe asusun bogi tana zuba wa littattafan takwarorinta tauraro ɗaya tana yabon nata, har kamfanin da zai buga mata ya fasa.

Ni sharhin masu tauraro uku nake fara karantawa, sai na masu biyu. Mai biyar yana cikin shauƙi, mai ɗaya yana cikin fushi, mai uku ne ke zama ya ce ga inda ya yi kyau ga inda ya gaza. Wani lokaci ma abin da ya ƙi shi ne abin da nake so. Idan ya ce labarin na tafiya a hankali, an cika bayanin rayuwar ƙauye, ni wannan kira ne gare ni.

Goodreads na da wata dama da mutane ba su cika amfani da ita ba: idan kin shiga shafin wani, za ki iya kwatanta littattafanki da nasa, ki ga waɗanda kuka karanta ku biyu da makin da kowa ya bayar. Idan kun dace a waɗanda kuka so, kuma kun dace a waɗanda kuka ƙi, to ki bi shi. Dacewa a ƙi ta fi dacewa a so nauyi, domin shahararren littafi kowa na so.

StoryGraph, wanda Nadia Odunayo ta kafa a 2019, ya bi wata hanya dabam. Masu karatu ne ke bayyana yanayin littafi, mai sa dariya ne ko mai sosa rai, mai sauri ne ko mai tafiyar hawainiya, kuma suna jera gargaɗin abin da ke ciki, kamar fyaɗe, kisa ko batsa. Ga mai damuwa irin taki wannan gargaɗin kaɗai ya isa dalilin buɗe shi.

Sai dai duka biyun ba su da amfani sosai ga littafin Hausa. Yawancin namu ba su da lambar ISBN, wato lambar shaidar da ake ba littafin da aka buga, ba su bi ta kamfanin ɗab'i ba, don haka ba su shiga rumbun ba, waɗanda suka shiga ma sharhinsu bai taka kara ya karya ba. Ko littattafan Turanci na marubutan Najeriya, da yawa daga masu sharhinsu 'yan waje ne, abin da ya ba su mamaki ke a wurinki ruwan sha ne.

Shawarar da na'ura ke bayarwa, irin "tunda kin karanta wannan, ga wannan", haka take a ko'ina, har a YouTube inda ake sauraron littattafan Hausa da murya. Tana duba abin da kika taɓa ne ta ƙaro miki irinsa. Ba lallai ta gane cewa kin buɗe ne kika yi tsaki kika rufe ba. Kin taɓa labarin attajiri da 'yar aiki sau ɗaya, sai ta yi ta jero miki 'yan'uwansa har ki ɗauka babu abin da ake rubutawa sai shi. Tana da amfani idan ƙarin irin abin da kika saba kike so, amma ba za ta fitar da ke daga inda kike ba.

Inda alƙalai suka riga suka tace

Don fita daga wannan da'ira nake tura ɗalibai wajen gasa. Tarihin ƙagaggen labarin Hausa na boko ma da gasa ya fara, wadda Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, kuma littattafan da suka fito daga cikinta har yau ana karanta su a makarantu. A zamaninmu akwai Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016 domin mata marubuta gajerun labarai. Ki nemi sunayen waɗanda suka yi nasara da waɗanda aka yaba wa labaransu, sannan ki bi sawunsu a Facebook da Wattpad, da yawansu suna da dogayen littattafai. A Turanci akwai kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG mai dala 100,000, wadda ke zagayawa tsakanin ƙagaggen labari, waƙa, wasan kwaikwayo da adabin yara. Kada ki tsaya a wanda ya ci, jerin waɗanda suka kai zagayen ƙarshe ya fi faɗi. Haka jerin baƙin bukukuwan littafi irin KABAFEST da aka fara a Kaduna a 2017, da HIBAF na adabin Hausa da aka fara a 2021. Alƙalan gasa mutane ne, suna da son ransu, kuma akwai marubuta masu kyau da ba su taɓa shiga gasa ba. Amma aƙalla an karanta kafin a yaba.

Ki riƙe naki jerin

Ina da littafin rubutu da nake sa sunan duk abin da na karanta, da sunan wanda ya ba ni shawararsa, da layi ɗaya kan yadda na same shi. Amfanin rubuta sunan mai shawarar shi ne, bayan 'yan watanni za ki ga da idonki wa ke dacewa da ke. Wata ƙawar kina ƙaunarta amma zaɓinta ba naki ba ne, wata kuma ba ku taɓa haɗuwa ba amma duk abin da ta nuna sai ya zauna miki. Ki ajiye jerin a takarda ko a wayarki, kada ki dogara da dandali kaɗai. OkadaBooks, da marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafansu a kai, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023 bayan shekara goma yana aiki.

Kuma ki ba kanki izinin ajiye littafi. Ni babi uku nake ba labari. A cikinsu ina duba ko mutanen ciki suna magana kamar mutane, ko marubucin ya san abin da yake bayani a kai, asibiti ne ko kotu ko kasuwa, da kuma ko an kula da rubutun. Kuskuren ƙa'idar rubutu nan da can ba ya kore ni, don na san da waya ake bugawa, wani lokaci da goyo a baya. Amma idan shafi uku sun tafi a kan kayan ɗaki da irin motar da aka shigo da ita, ban ga abin da zai sa in ci gaba ba. Kuɗin da kika biya ya riga ya tafi, kada ki bi shi da lokacinki.

Duk wannan da na faɗa ya shafi labarai ne da littattafan karatun nishaɗi, inda ɗanɗano ke da babban rabo, kuma nawa ɗanɗanon na wadda ta taso da littafin takarda ne, zai yiwu abin da ke gundurata ke ya burge ki. Littafin addini, na lafiya ko na fannin da kike karanta a makaranta kuwa, taurari da yawan masu karatu ba su da hurumi a ciki. Littafin magani mai tauraro biyar na iya cutar da ke, littafin fiƙihu da ke yawo a zaure ba sunan mawallafi ba sunan mai fassara bai kamata ki gina ibada a kansa ba. A nan ki tambayi malaminki na Islamiyya, ko likita, ko malamin sashenku, su faɗa miki suna da bugun da za ki nema, sannan ki shiga intanet ki nemo shi. Tunda a Zariya kike, ki leƙa ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello idan kina da damar shiga, ki gaya wa ma'aikatan littafin ƙarshe da kika kasa gamawa, su ma aikinsu ke nan.